Daɓen Ɗakin Inna

Daren Laraba, Fagge

Likita ya ce ranar Asabar za a sallami Inna, ni kuwa ban san inda zan kwantar da ita ba.

Ni na zaɓi fentin daɓen nan mai sheƙi don in burge ta. Malam Rasaki mai aikin ya gaya mini, "Alhaji, wannan na shago ne, ba na ɗakin tsohuwa mai yawan alwala ba." Na ce ya shafa kawai. Sati biyu da gamawa santsi ya kwashe ta, ƙashin ƙugunta ya karye.

Yau na zagaye Sabon Gari har Bata ina neman irin wanda ake barbaɗa wa yashi don ya riƙe ƙafa. Na samu, amma sai an kankare na farkon, sabon kuma ya kwana bakwai kafin a taka. Na roƙi Malam Rasaki ya sa ya bushe kafin Asabar. Ya ce, "Wallahi ko ɗakin uwata ne ba zai bushe ba."

Da la'asar a asibiti Inna ta riƙe hannuna ta ce, "Kada ka bari a taɓa mini ɗakina, ya yi kyau."

Na ce mata to. Gobe da ƙarfe bakwai masu injin kankarewa za su iso.