Ɗakin Baba Yana Zama

Gashuwa,
Jihar Yobe.

Zuwa ga Yayana Abatcha,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Halimatusa'adiya da yara gaba ɗaya. Ya kasuwa, ya kuma fama da ruwan Fatakwal? Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan jiki da sauƙi, alhamdu lillahi. Maigidana Malam Suhaibu yana Nguru tare da yara, yana ta zirga-zirgarsa ta kasuwar Jajimaji kamar kullum. Matar ƙaninmu Hamma ta sauka a Yusufari, an samu mace, an sa mata Aisa, sunan Iyarmu, Allah ya jiƙanta. Ni kuwa ina Gashuwa wurin Baba tun da hadari ya fara haɗuwa, kuma dalilin zaman nawa shi ne dalilin wannan takarda.

Na san za ka ce me ya kawo takarda ga waya a hannu. To, kai ma ka sani. Duk sanda na kira ka, muddin na ambaci ɗakin Baba, sai ka ce ba ka jina sosai, ko ka ce baƙi sun shigo shago, ko ka ce mu dai bi shi a hankali. Ni kuma da na fara magana kuka yake cin ƙarfina, ban taɓa kai ta ƙarshe ba. Shi ya sa na zauna na rubuta, na ba Ibram direba mai kai busasshen kifi daga Nguru, na ce kada ya ba ɗan aike, ya danƙa maka hannu da hannu. Takarda dai ba ka da yadda za ka katse ta. Don girman Allah ka karanta har ƙarshe.

Ka tuna ambaliyar bara, lokacin da kogi ya cika ya shigo unguwa, ruwa ya kwanta a tsakar gidanmu har muka riƙa taka bulo muna wucewa. Ruwan ya tafi, muka yi hamdala, muka ɗauka an rabu. Sai da rani ya shigo muka ga tsaga a bangon ɗakin soron Baba, ta gefen da yake kallon fadama. Da farko siririya ce kamar zare. Kafin azumi yatsana yana shiga. Na nuna wa Baba, ya ce in rabu da shi, ɗakin ya girme ni.

Ana haka 'yarka Rahima ta zo hutu daga Maiduguri. Yarinyar nan da ka ba ni riƙo tun daga yaye, ni na goya ta, na san duk wautarta, kuma ban ɓoye maka ba ina cikin masu yi mata dariya da ta ce injiniyan gine-gine za ta karanta. Na riƙa tsokanarta ina cewa za mu aurar da ita da cokalin magini a cikin lefe. Duk hutu sai ta zo ta cika mini kunne da abin da ake koya musu: wai akwai darasin ƙarfin kayan gini, na sanin iya nauyin da ƙarfe da katako da kankare suke ɗauka kafin su ba da kai, akwai na tafiyar ruwa, akwai na awon fili, akwai na shimfiɗa titi, ga lissafi kamar ba za a mutu ba. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na halin ƙasa. Na ce yanzu ƙasar da muke takawa ita ma hali gare ta, har sai an je jami'a a karanto shi? Ta ce wallahi Gwaggo akwai mai haƙuri, akwai munafuka. Yaya, yau ba na dariya.

Tana shiga gaida Kakanta ta ga bangon, sai fara'arta ta ɗauke. Ko ruwa ba ta sha ba. Ta zagaya bayan ɗakin ta tona ƙasa, ta jiƙa ta, ta murza a tafin hannu har ta yi tsawo kamar taliya ba ta karye ba. Ta ce wannan yumɓu ne, irin wanda in ya sha ruwa yake kumbura ya yi laushi, in ya bushe ya tsuke ya dare, kuma a kansa tushen ɗakin yake. Ta ɗaura dutse a igiya ta sako shi daga saman bango, muna kallo dutsen ya ƙi bin bangon, don ginin ya riga ya karkata waje. Ta aro dogon tiyo mai haske a wurin masu gini, ta cika shi da ruwa, ta sa na riƙe baki ɗaya a wannan kusurwa ita ta riƙe ɗayan a waccan, ta nuna mini da idona cewa kusurwar fadama ta yi ƙasa. Ta kuma ce tun da aka cike layin bayanmu da ƙasa bayan ambaliya, ruwan sama ya rasa hanyarsa ta dā, yanzu gindin bangon nan yake bi.

Sannan ta yi mini bayanin da har yau yake hana ni cin abinci. Ta ce a gini kowa miƙa kayansa yake yi ga na ƙasa da shi: rufin ƙasa ya ɗora wa azara, azara ta ɗora wa bango, bango ya ɗora wa tushe, tushe ya ɗora wa ƙasa. To ƙasar ta gaji. Bango yana zamewa waje, kan azara kuma ɗan kaɗan ya rage a kansa. Ranar da rufin ya sha ruwa ya ƙara nauyi, ba zai yi sallama ba, gaba ɗaya zai sauko. Gadon Baba kuwa ka san inda yake.

Yanzu ga inda aka samu matsala. Su a makaranta da Turanci ake koya musu, kuma kalmar da suke faɗa in gini yana nitsewa a hankali, ma'anarta zama. Da ta durƙusa gaban Baba, kunya da tsoro suka kama ta, sai ta juyo kalmar yadda take, ta ce Kaka, ɗakin nan yana zama. Baba ya shafa gemu ya yi murmushi, ya ce madalla, ai dama ya daɗe da sanin ɗakinsa ya zauna daram, ga shi har 'yar boko ta shaida. Ta rikice, ta ce ba haka take nufi ba, nitsewa yake, faɗuwa zai yi. Ya ce a'a, maganar farko ita ce ta ilimi, ta biyun Gwaggonta ce ta sa ta. Tun daga ranar duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ba shi labari, wai jikarsa injiniya ta auna ɗakinsa ta ce ya zauna. Almuru guda na ji yana gaya wa liman, suna ta dariya, ni kuwa ina madafa kamar in haɗiye zuciya.

Yarinyar nan ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ta ce shekara da shekaru tana karatu, ga shi kalma ɗaya ta kasa faɗa wa kakanta daidai. Da za ta koma, ta samo ɗan guntun gilashi ta manna shi da siminti a kan tsagar daga ciki, rabi a wannan gefe rabi a wancan. Ta ce Gwaggo, in bangon ya tsaya, gilashin zai zauna lafiya. In ya fashe, bango yana tafiya ke nan, ko takalmi kada ki tsaya ɗaukar wa Kaka, ki fito da shi.

Na gyara wa Baba ɗaki a gidanmu na Nguru, na bulo, mai rufin kwano, kusa da masallaci. Malam Suhaibu da kansa ya zo da mota ya roƙe shi. Ya ƙi. Muka ce to ya dawo ɗakin zaure a nan cikin gidansa, ko rumfa mu kafa masa. Ya ƙi. Na turo masa tsofaffin ɗalibansa, ya karanta musu ayoyin ajali har suka fita suna sunkuyar da kai, wa zai ja da Goni a wannan fage? Na yi lallashi, na yi fushi, na yi kwana biyu ba na gaishe shi, Allah ya yafe mini. Abu ɗaya kawai ya taɓa faɗa mai kama da ƙofa: ya ce gidan nan bayan ransa Abatcha ne babba a cikinsa, in Abatcha ya zo ya tsaya a gabansa ya ce ya tashi, zai tashi.

Kai kuma me ka yi? Ka aiko da siminti. Haba Yaya! Na san da kyakkyawar niyya ka yi, amma da Madu magini ya zo ya shafe tsagar ta waje, bango ya yi sumul, sai Baba ya samu abin da yake nema, ya ce ga shi ɗansa ma gyara ya ce a yi, bai ce a tashi ba. Da na gaya wa Rahima a waya sai ta ce Gwaggo, an rufe wa ciwo baki ne kawai, ƙasar da take ƙarƙashi ba ta san an yi shafe ba. Kai ka tura ta wannan karatu, kai kake bugun ƙirji a cikin abokanka kana cewa 'yarka injiniya ce. To ilimin ya yi magana a gidan ubanka, ka yi kamar ba ka ji ba.

Ruwan farko ya sauka makon jiya. Shafen Madu ya dare tun daga sama har ƙasa. Ƙofar ɗakin da take rufuwa da yatsa ɗaya, yanzu sai an sa kafaɗa. Ranar Juma'a da na shiga kai masa kunu na ɗaga ido, sai na ga gilashin ya rabu biyu. Ban gaya wa Rahima ba, tana tsakiyar jarrabawar ƙarshe, na san halinta, za ta watsar da komai ta hau mota. Kai ma kada ka gaya mata.

Da na rasa tudun dafawa, jiya bayan la'asar, gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗawa, sai na naɗe tabarmata da filo na shiga ɗakin na shimfiɗa a gindin bangon, daidai ƙarƙashin gilashin. Baba yana kan buzu yana jan carbi. Ya tambaye ni lafiya. Na ce lafiya lau, tunda ɗaki ya zauna, ni ma na zo in zauna, nan zan riƙa kwana daga yau.

Yaya, tun da nake ban taɓa ganin Baba haka ba. Carbin ya faɗi daga hannunsa. Mutumin da sai an kama shi yake miƙewa, ya tashi tsaye da kansa, ya daka mini tsawa ya ce in fita, in fita maza, ba ni da hankali ne, ina da 'ya'ya ƙanana zan zo in kwanta a ƙarƙashin wannan bango? Shi kansa ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Ni ma na ji. Ashe tun ranar farko ya fahimci Rahima sarai. Babu kalmar da ta ɓace masa, mu ya mayar yara.

Ya koma ya zauna, ya daɗe yana kallon inda gadon Iya yake a dā. Can ya ce a ɗakin nan aka kawo masa ita, a nan ta haife mu, a nan ya rufe mata ido, shi bai san yadda ake kwana a wani wuri ba. Ya ce kuma rabonsa da ganinka tun ranar da aka yi sadakar bakwai ɗinta. Ni dai na gane, kuma na san kai ma ka gane. Na san abin da yake hana ka zuwa, ba ka son shiga gidan nan ka tarar babu ita. Mu da muke shiga kullum ba ƙarfe ne a ƙirjinmu ba. Hadarin jiya Allah ya taimake mu iska ta kore shi, amma damina yanzu ta fara, kuma manoma roƙon ruwa suke yi, ni kaɗai ce a garin nan nake roƙon kada ya sauka.

Ba siminti nake so ba, ba kiran waya nake so ba. Ibram zai juyo da zarar ya sauke kaya, kuma na roƙe shi ya bar maka gidan gaba. Ka rufe shagon, ka zo ka tsaya a gaban tsohon nan ka ce masa ya tashi. Ko ba ka iya cewa komai ba, ka kama hannunsa kawai, na tabbata zai biyo ka.

Ka gaida Yaya Halimatusa'adiya, ka ce na gode da turaren da ta aiko, kuma ina roƙonta ta sa baki. Ka gaida Nasrullahi da Nabila da auta Babagana, ka ce Gwaggonsu tana sa musu albarka. Malam Suhaibu da yarona Uwais da Hamma duk suna gaishe ka. Baba bai san na rubuto ba, amma da safe ya tambaye ni ko motar kifi tana zuwa Fatakwal har yanzu.

Abu na ƙarshe, don kada ka ce ban gaya maka ba. Ya kore ni, amma ban fita ba. Tabarmata tana nan inda na shimfiɗa ta, kuma na rantse ba zan naɗe ta ba sai ranar da ya fito. Yanzu mu biyu ne a ɗakin.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka mai jiranka,
Mairam Goni.