Numfashin Baban Yara

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki? Mu nan sai godiya.

'Yata takwararki ta mayar mana da tsakar gida ɗakin gwaji. Malamar kimiyyarsu ta ce kowa ya zaɓi tambaya ya gwada, ita kuma ta zaɓi gano ko dogon mutum ya fi gajere yawan numfashi. Ta cika babbar gora da ruwa, ta kifa ta a bahon wankina, ta zura tiyo ta ƙasa. Mutum ya ja numfashi ya hura sau ɗaya, iska ta kori ruwan, ita kuma ta duba layukan da ta zana a jikin gorar.

Dokokinta sun fi na alƙali. Kowa a tsaye, gora ɗaya, tiyo ɗaya, kuma sau uku. Wai in aka canza abu biyu a lokaci guda, ba za a san wanda ya kawo bambancin ba. Ni ma sai da ta sa na sake, don na yi dariya da tiyo a baki.

Baban yara ya dawo daga wurin fasa dutse, fari fat kamar an tsoma shi a gari, ya ce a ba shi ya kwashe ruwan kaf, tunda duk layinmu babu wanda ya kai shi tsawo. Yaya, ko Auta ta fi shi. Muka yi ta dariya, shi kuma ya ɗora wa tiyon laifi har tari ya sarƙe shi.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ki yi haƙuri da shiruna. Hankalina ba a kwance yake ba.

Yarinyar nan ta zana sakamakonta a babban kwali, tsawo a ƙasa, numfashi a gefe, kowane mutum ɗigo ɗaya. Ɗigogin suka jeru suna hawa kamar matakala, sai na ubanta shi kaɗai can ƙasa a lungu. Ta so ta goge shi don ya ɓata mata zane. Malamar ta hana, ta ce ba a goge abin da aka auna don bai yi wa mutum daɗi ba, a sake aunawa. Ta canza tiyo, ta bari ya huta, ta gwada shi ranar da bai je aiki ba. Ruwan bai ko kai rabin inda ya kamata ba. Malamar ta aiko mini cewa gora ba likita ba ce, amma a kai shi asibiti.

Da ƙyar ya yarda. Sun ɗauki hoton ƙirjinsa. Likita ya ce ƙurar dutse ce ta taru ta taurara masa huhu, kuma abin da ya taurare ba ya komawa. Magani sai dai ya rage wahala. An hana shi komawa aikin.

Tun da muka dawo takwararki ba ta cin abincin kirki. Gani take ita ta jawo. Na gaya mata ciwon ya riga gorarta zuwa, amma kin san ta.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki

Yaya,

Saƙonki ya iso, Allah ya bar zumunci. Ina gaida yara.

Jikin baban yara dai ga shi nan. Yanzu a jingine yake kwana, kuma daga ɗaki zuwa ƙofar gida sai ya tsaya a hanya.

Ranar gabatar da aiki a makaranta takwararki ta ce ba za ta je ba. Ya kira ta, yana magana yana hutawa, ya ce ta je ta nuna ɗigonsa, kuma ta faɗi aikin da mai ɗigon yake yi. Ta je. An ce ba ta yi kuka ba sai da ta gama bayani ta sauko.

Cikin ajin akwai 'ya'yan abokan aikinsa. Jiya da la'asar sai ga iyayen a ƙofar gida, wai sun zo dubiya. Bayan an gaisa, babbansu ya tambaya a hankali ko gorar tana nan. Yarinyar ta cika ta, ta wanke tiyon, ta ce kowa ya tsaya a tsaye. Suka yi layi, manyan maza, huluna a hannu. Babu wanda ya yi dariya. Ɗaya ne kawai a cikinsu ya wuce rabi.

Yau da sassafe na ji wucewarsu za su aiki. Suna da iyali, me za su yi?

In kin samu dama ki zo. Yana tambayarki.

Ƙanwarki