Zan Sayi Tsohon Gida A Guangzhou, Kuma Ba Zai Zama Masauki Ba

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don Allah ki sakaya sunana, duk da na san matan da ke zuwa sari China suna karanta layi uku za su gane ni, to su gane ɗin, na gaji da ɓoye-ɓoye. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku kai ƙarshe kafin ku fara yi mini wa'azi.

Ni 'yar Kano ce, shekarata goma sha huɗu a Guangzhou. Aure ne ya kawo ni, maigidana yana harkar loda kaya zuwa gida, da Allah ya yi masa rasuwa shekara biyar da suka wuce sai na riƙe kamfanin, na ci gaba da zama da 'yarmu ɗaya wadda yanzu take sha uku. Aikina in kai mutum kasuwa, Shisanhang ko manyan shagunan Guangyuan, in yi masa ciniki, in tara kayansa a sito, in bi su har kwantena ta bar tashar jirgin ruwa ta Huangpu. Alhamdulillahi ba na neman komai a wurin kowa.

Tun ranar da na tare, gidan hayarmu masauki ne. Duk macen da ta sauka daga Kano ko Maraɗi ko Yamai, in dai ta san wani da ya san mu, gidana za a kawo ta, ba a biya, ba a ma tambaya. Abin ya samo asali, mahaifinmu fatoma ne a Fagge, fatake daga Nijar da Gana a zaurensa suke sauka, mun tashi muna ba baƙi tabarmarmu, don haka kowa gani yake gado na ɗauka. Shekara goma sha huɗu ban taɓa kwana sati guda cur babu baƙuwa a gidana ba. Jakunkunan kaya har silin, layin banɗaki da asuba, ni ce mai kai kowace ofishin 'yan sanda a yi mata rajistar sauka, ni ce mai dafa tuwo saboda Hajiya wance cikinta bai karɓar abincin 'yan China. In nemi silifas ɗina in gan shi a ƙafar matar da ban san sunanta ba. 'Yata kuwa a kan injin wanki take aikin makaranta, don nan ne kaɗai ba a jibge kaya ba, gadonta ma sai in baƙi sun yi ƙaranci take ganinsa. Ban taɓa ƙorafi ba, kuma babu wadda ta taɓa tambayata ko na gaji.

Wata uku da suka wuce na fito daga Shisanhang, na bi ta tsohuwar unguwar Liwan a ƙafa, inda benaye suke miƙo ƙirjinsu saman hanya a kan ginshiƙai, mutum ya yi ta tafiya a inuwa ko ruwa ake yi bai jiƙe ba. A nan na ga hoton wani gida a tagar dillali, na shiga don kallo kawai. Hawa na uku ne a wani bene da aka ce ya doshi shekara ɗari, babu lifta, matakalar katako ce mai ƙara in an taka. Ɗaki biyu da falo, tayil ɗin ƙasa mai zanen furanni har ya sha taku ya yi santsi, tagogi masu gilashi kore da ja, in rana ta bugo sai launin ya kwanta a bango. Ƙofar shiga sanduna ne na katako a jere da ake turawa gefe, ka rufe gidanka amma iska tana shigowa. Na tsaya a tsakiyar falon na ji shiru, irin shirun da har na manta rabona da shi, wallahi sai da na yi ƙwalla.

Kada wani ya ce ban yi bincike ba. Na san ginin yana cikin waɗanda hukuma ta hana a taɓa fasalinsu, ba a sauya taga, ba a fasa bango. Na san da damina bango yana gumi, kicin ɗin kuwa mutum biyu ba sa juyawa a ciki. Na je wurin lauya ya duba takarduna, ya ce da izinin aikina ina da damar mallakar gida ɗaya na zama. Duk na ji na gani, ina so.

Mai gidan wata tsohuwa ce, a cikinsa aka haife ta, yanzu gwiwa ta hana ta hawa bene za ta koma wurin ɗanta. Dillali ya gaya mini ta kori masu saye da dama saboda so suke su yanka shi ɗaki-ɗaki su riƙa ba 'yan yawon buɗe ido haya. Da na je da 'yata, yarinyar ta gaishe ta da yaren garin, tsohuwa ta yi ta dariya ta riƙe mata hannu, ta zuba mana shayi, ta nuna mana inda mahaifinta yake zana tsayinta a jikin ƙofa. Muka rabu a kan in dawo in ƙara dubawa sannan a yi magana.

Kuskurena ɗaya, na gaya wa Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda take zuwa sari sau biyu a shekara kuma a lokacin tana gidana. Ranar da za mu koma ni da 'yata ta ce ai ba a sayen gida ba a je an sa albarka ba, kafin in ankara mata biyar sun biyo ni, kai tsaye daga kasuwa, kowace da jakarta. Suka riƙa jan jakunkunan nan a kan matakalar katako, ƙarar har titi. Muna shiga Gwaggo ta fara auna falon da taku, ta ce katifa shida za su shiga in an matsa, ɗakin da na yi wa 'yata niyya kuma ta ce nan za a riƙa ajiye kaya. Tsohuwa ba ta jin Hausa amma ba makauniya ba ce, tana tsaye tana kallon ƙafar Gwaggo. Ana cikin haka La'asar ta yi, ɗaya daga cikinsu ta ɗebi ruwa a roba ta fita baranda ta tsuguna ta yi alwala kamar tana tsakar gidanta a Kurna. Ruwan ya bi ta gefe ya zuba barandar ƙasa, inda wani dattijo ya shanya ɓawon lemo a faranti. Ashe ƙanen tsohuwar ne. Ya hawo riƙe da farantin, bai ɗaga murya ba, ya dai nuna mana. Gwaggo ta kwashe da dariya ta ce a gaya masa ya yi haƙuri za ta saya masa lemo buhu guda ya ɓare. Sai 'yata ce ta yi mana bayani, fuskarta kamar za ta nutse, cewa irin wannan ɓawon shekaru ake yi ana adana shi, ana fito da shi ya sha rana a mayar, da shi suke magani da miya, nasa ya girme ita 'yar tawa.

Washegari dillali ya kira ni ya ce, laban, meyo, wato shugaba babu, an fasa. Ban yi zuciya ba. Na sayi kayan marmari, na ɗauki 'yata mu biyu muka koma, na ba dattijon haƙuri, na ba tsohuwa haƙuri. Ta dube ni ta yi tambaya ɗaya, mutum nawa ne za su riƙa kwana a gidan nan. Na ce biyu. Ta ce in yi mata alkawari a gaban ƙanenta, ba masu sauka, ba dilar kaya a matakala. Na yi.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba sai ku. Ina ta ce wa mutane tsohuwa ce ta gindaya mini sharaɗi, amma gaskiyar magana da ta faɗa daɗi na ji, kamar an sauke mini tulu daga ka. Abin da na kasa furtawa shekara goma sha huɗu ne wata 'yar China ta furta mini. Ko da yau za ta janye sharaɗin ni ba zan janye ba.

Da na gaya wa Gwaggo, da farko ta ɗauka dabara na yi, ta ce na kyauta, in ce wa tsohuwa to, in takarda ta shigo hannu waye zai hana ni saukar da wanda na ga dama. Na ce mata ni ban yi alkawari don in karya ba, dattijon nan a ƙasana zai zauna, kullum sai mun haɗu a matakala, kuma a fuskata zai karanta ko Musulmi suna cika magana. Nan fa ta hau, ta ce na zama 'yar China, ta ce Yayanta yana kabari na tozarta sunansa, ta ce mutanen da nake gudu su ne suka riƙe ni da mijina ya rasu. Na ce ban manta ba, kuma ban ce zan daina kai kowa kasuwa ba, otal-otal sun cika unguwar Xiaobei, ni zan kama wa mutum ɗaki, in ɗauko shi daga filin jirgi, ranar Juma'a in yi tuwo in kai musu har can. Kwana ne kawai na ce babu. Ta tattara kayanta ta koma gidan wata 'yar Maraɗi, kuma zuwa yanzu mata biyu sun ɗauke lodinsu sun kai wa wani ejan. Allah ya raka taki gona ma ban ce ba, su tafi. Macen da take sarin kwantena guda ba kuɗin otal ne ya gagare ta ba, sabo ne kawai, kuma ni ce na saba musu.

Duk wannan bai hana ni barci ba. Wadda ta tsaya mini a rai Hajiyarmu ce. Gwaggo ta kira ta ta zayyana mata komai da ƙari, shekaranjiya sai ga wayar Hajiya. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce ita shekara arba'in tana dafa wa baƙin mahaifinmu abinci ba ta taɓa ganin tukunyarta ta gaza ba, ta ce duk buɗin da nake gani a harkata albarkacin baƙin nan ne. Na ce Hajiya, ke kina da tsakar gida da zaure da 'yan uwa masu taya ki, ni ɗaki uku gare ni a sama da yarinya mai tasowa wadda ba ta da ƙofar da za ta rufe ta sauya kaya. Ta ce ta ji, amma in gaya mata, in ta zo ganin likitan idon da nake ta roƙonta ta zo, ita ma otal zan kai ta?

Na san abin da za ku ce, uwa ba baƙuwa ba ce, kuma haka ne, tsohuwar ma ba za ta hana uwa kwana a gidan 'yarta ba, gadona zan ba ta in kwanta a ƙasa. Amma ku ba ku san Hajiya ba. Ba ta iya jin sallama ta ƙi cewa a shigo ba. Ranar da ta kwana a gidan nan, washegari Gwaggo za ta zo gaishe ta da jakarta, jibi wata ta biyo, kuma ba ni da bakin da zan ce wa baƙuwar mahaifiyata ta tashi. Ita ma ta san haka, shi ya sa ta yi tambayar. Na ce mata zan kira ta, har yau ban kira ba.

Ranar Alhamis za mu sa hannu, kuma zan sa, wannan ba shi nake neman shawara a kai ba, masu shirin ce mini in fasa in je in yi gini a Kano su huta da rubutu. Abin da nake tambaya, musamman ku da kuke zaune a ƙasar wasu gidajenku suka zama tashar 'yan uwa, ya ake gaya wa uwa ta zo ita kaɗai? Da wane lafazi zan ce mata ta shigo gidana amma ba ita za ta riƙa amsa sallama ba, ba tare da na rasa albarkarta ba? Idan kuma babu irin wannan lafazin ku gaya mini gaskiya in sani, don ta ce ba za ta nemi biza ba sai ta ji amsata, idon kuma kullum ƙara rufewa yake yi.