Bencin Baya

Talata Mafara,
14 ga Satumba, 2021

Zuwa ga Yaya Gimbiya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina gajiya, ya aikin asibiti, ya mutanen Bakura? Baba da Mama suna lafiya. Tunda aka yanke sabis na waya, sai na ba Maiwada direba wannan takarda. Gara ma haka, don da baki ba zan iya ba.

Yaya, wata biyu ke nan da dattawan coci suka sa ki horo. Duk Lahadin da kika zo gida a bencin baya kike zama ke kaɗai, an hana ki jibin Ubangiji, an dakatar da aurenki da Ɗanlami. Duk saboda wasiƙar soyayyar da matar Malam Mainasara, mai koya mana waƙa, ta tsinta a cikin littafin waƙoƙinki.

Ni na rubuta ta.

Ranar na ari littafinki na tafi koyon waƙa. Allah ne shaidata, ban yi niyyar ba shi ba. A littattafan da nake ɓoyewa ƙarƙashin katifa, yarinya takan rubuta wa wanda ba ta iya haɗa ido da shi. In Malam ya ɗaga hannu yana ba mu murya, sai in ga kamar ni kaɗai yake ɗaga wa. Na gwada ne kawai in ji yadda ake ji. Aka tashi, na manta littafin a kan benci. Sunanki ne a bango, ga shi rubutunmu iri ɗaya, tunda hannun Baba muka koya.

Shaiɗan ne, Yaya, shi da littattafan nan. Jiya na cusa su duka shida a murhu, har Mama ta ce tuwo na warin takarda. Ina jira in ji sauƙi, ban ji ba.

Ki yafe mini.

Ƙanwarki,
Nagode

Bakura,
21 ga Satumba, 2021

Nagode,

Na amsa gaisuwa. Ki gai da Baba da Mama.

Tun ranar na sani. Wa zai rubuta "kai ne fitilar zuciyata" a gidanmu in ba ke ba? Ni da ko katin Kirsimeti ban taɓa rubuta wa Ɗanlami ba! Na ce wa dattawa ba ni ba ce. Suka ce to wace ce? Na dube ki kina murza bakin ɗankwali, sai na yi shiru. Na ɗauka Lahadi ɗaya za ki yi ki fasa ƙwai.

Kin ƙone littattafai, sannu da aiki. Amma Shaiɗan ba ya da biro, Nagode. Adamu ya ce matar ce, matar ta ce macijin ne, kuma dukansu aka fitar daga gonar. Jaraba ba zunubi ba ce, Ubangiji kansa an jarabce shi. Ita wasiƙar ma wautar yarinta ce, da tuni mun yi dariyarta. Abin da ke cin raina shi ne Lahadi takwas kina tsaye a gaba da fararen kayan mawaƙa, kina buɗe baki kina rera waƙa, ni ina baya kusa da ƙofa inda ake ajiye tsintsiya. Wannan wa ya sa ki?

Iyayen Ɗanlami sun aiko daga Maradun. Ƙarshen wata za su zo su kwashe kayansu in ba a wanke ni ba. Lahadi ɗaya ta rage. Kin san ƙa'idarmu: sunan da ya ɓaci a gaban jama'a, a gaban jama'a ake gyara shi, lokacin ba da shaida.

Na yaga takardarki, ba wanda zan nuna wa. Kuma ranar ba zan zo ba, don kada ki ce idona ne ya tilasta ki. Yafewa kam na yafe. Sauran naki ne.

Yayarki,
Gimbiya

Talata Mafara,
26 ga Satumba, 2021

Yaya,

Ina gaisuwa.

Kwana huɗu ina haddace abin da zan faɗa, har a bakin rijiya. Da Fasto ya ce mai shaida ya tashi, na tashi. Baba ya juyo yana murmushi, don bai taɓa jin muryata ni kaɗai a coci ba. Matar Malam na zaune a gabana da jaririnta.

Na ce ina yi wa Allah godiya da ya tashe mu lafiya. Aka ce amin, aka tafa mini.

Na wuce bencin baya na zauna a wurinki. Mama ta yafito ni da hannu, ta ce, "Ke, lafiyarki? Wurin masu horo ne!" Na tashi na koma gaba.

Na duba ko'ina, Yaya, ban ga Shaiɗan ba, kuma littattafan sun zama toka. Ni ce.

An ce Alhamis motar Maradun za ta zo.

Nagode