Taron da Aka Yi a Saman Bene

Zuwa ga ƙawata Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ki, da Mama da Baba da ƙannenki duka. Ina fatan kun saba da zaman Kaltungo, kuma ciwon gwiwar Mama ya yi sauƙi. Mu nan Kagarawal muna lafiya, sai godiyar Allah.

Abin da ya sa na rubuto a nan shafinmu na masu karatun littattafai, inda kowa zai gani, shi ne lambarki ta daina shiga tun bayan ƙaramar salla. Na san akwai 'yan Kaltungo a cikinmu. Duk wadda ta san Rifkatu, doguwa mai wushirya, wadda ba ta iya magana ƙasa-ƙasa ba, don Allah ta nuna mata.

Kin san dai an rushe gidan da kuka yi haya, don titi ya samu hanya. To, titin ya zo. Ya yi kyau, baƙi wuluk, har da fitilu. A gefensa aka haƙa kwata mai zurfi, aka yi mata siminti, ta ratsa bakin lungunmu daga wannan katanga zuwa waccan. Sai aka ɗora katako guda ɗaya a kai. Mai ƙafa yana takawa ya wuce, mai mashin ma yana lallaɓawa. Kekena kuwa taya uku ne, kin fi kowa sani, tunda ke kike tura shi a hawan tudun nan na hanyar makaranta. Tun ranar da kwatar nan ta iso ƙofarmu ban sake zuwa aji ba. Zango na uku ya ƙare ina gida, ban zauna jarrabawa ba.

Ban yi kuka ba, kada ki damu. Ina tashi in yi salla, in wanke kwanuka, in koma ɗaki in ɗauki waya in yi ta karatu. Wani lokaci sai in kai ƙarshen littafi ban riƙe sunan saurayin ba.

Nakan tuna ki kina turo ni a tsakiyar 'yan acaɓa kina cewa, "Ku matsa, amarya za ta wuce!" Ni kuma in ja hijabi in rufe fuska, ina roƙonki ki yi shiru. Ki ce, "Ke dai Nafisa, da a ce ana sayar da kunya a kasuwa, da kin gina wa Umma bene."

Wata Juma'a Babanmu ya dawo daga masallaci, yana cikin cin abinci ya ce an yi sanarwa: za a yi taron jin ra'ayin jama'a kan wuraren da za a sa wa kwata murfi don mutane su riƙa ƙetarewa, kowa ya zo ya faɗi nasa. Ba ni yake faɗa wa ba, da Umma yake, haka kawai cikin hira. Ya ce shi ranar yana da lodin mota zuwa Dukku. Sai na ji bakina ya ce zan je. Umma ta kalle ni ta ce, "To."

Ranar taron, Malam Bala mai faci, wanda rumfarsa take tsallaken kwatar, shi da wani maƙwabci suka ɗaga keken suka ƙetare da shi. Ni kuma Umma ta goya ni. Shekarata goma sha shida, Rifkatu, ƙafafuna suna reto a gefen cinyoyinta, katakon yana lanƙwasa a ƙarƙashinmu. 'Yan acaɓan bakin titi duk suka kau da kai. Na san kara suka yi mini, amma da sun kalla ma ina jin duk ɗaya ne.

Zan faɗa miki gaskiya, ban taɓa tuƙa keke a wuri mai santsi kamar titin nan ba. Murzawa ɗaya, sai ya yi ta tafiya da kansa. Umma har da ɗan gudu take bina.

A ƙofar wurin taron mai gadi ya tare mu tun kafin mu yi sallama. Ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, Hajiya, sai an tashi ake rabo. Ku jira can gindin darbejiya." Umma ta ce ba bara muka zo ba, taro muka zo. Ya kalli keken, ya kalle ni, ya nuna matakala da baki, ya ce ai a sama ake yi. Ba mugu ba ne. Shi ya ɗauko wa Umma benci daga baya.

Umma ta ce ta goya ni mu hau. Na ce a'a. Na kasa tunanin shiga ɗaki cike da maza a bayan uwata, a sauke ni a ƙasa kamar buhu. Sai ta hau ita kaɗai.

A gindin darbejiyar na tarar da wasu. Akwai Malam Garba, makaho ne, malamin Islamiyya a unguwar Madaki. Shi ya hau, ya ce ya zauna ya yi ta jin wani yana cewa "daga nan zuwa nan, sai mu karya ta nan," kowa yana tafi, shi bai san ina ne nan ba. An ba shi takarda mai taswira. Ya shafa ta da tafin hannu ya ce mini, "'Yata, wannan gari nasu ya yi kyau, ko rami ɗaya babu." Akwai kuma Adda Asabe, kurmar nan mai ɗinki a Tudun Wada, wadda ta ɗinka miki kayan Kirsimeti da hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ita ma ta hau ta sauko. Na yi mata alamar yaya, sai ta haɗa yatsunta tana buɗewa tana rufewa kamar bakin agwagwa, ta ɗaga kafaɗa.

Za ki yi mini dariya, amma duk motar da ta shigo sai na kalle ta. Kin san yadda ake yi a littafi: ya fito cikin farar shadda, ƙamshinsa ya riga shi isowa, idonsa ya sauka a kanta, ya tambayi wa ya bar ta a rana. Motoci sun shigo da yawa. Masu shadda ma sun fito, kowa da waya a kunne, suka haye sama.

Umma ta sauko tana murza kafaɗa. Ta ce mata suna can baya kusa da ƙofa, abin magana kuma a layin gaba kawai yake yawo. Ta ɗaga hannu har ya gaji, ta sauya ɗayan.

Can sai ga wata Anti da kati rataye a wuya, da alama cikin masu shirya taron take. Da ta gan mu sai ta tsaya turus. Ta ce ai an gayyaci shugaban masu buƙata ta musamman, yana ciki, an ma ba shi kujerar gaba. Malam Garba ya ce, "Mun san shi, mutumin kirki ne. Yana gani, yana ji, yana hawa bene. Hannu ɗaya ne ba shi da shi." Antin ta juyo wurina. Ta durƙusa a gabana ta ce in faɗa mata abin da nake so, za ta kai sama.

Na shirya magana, Rifkatu. Tun ranar Juma'ar nake haɗa ta, mai tsawo, irin wadda jaruma take yi a gaban alƙali kowa ya yi tsit. Akwai makaranta a ciki, akwai bayan Umma, har ke kina ciki. Da na buɗe baki abin da ya fito shi ne, "Taya uku ne." Ta jira ko zan ƙara. Umma ce ta faɗi sunan lungunmu. Antin ta rubuta a waya ta ce in sha Allahu za a duba.

Da aka tashi, babban baƙo ya sauko da mutanensa. Wani ya hango mu ya ce a taho a yi hoto. Aka jera mu, aka sa ni a tsakiya saboda keken, aka ɗora mini robar shinkafa a cinya. Washegari na ga hoton a waya, an rubuta a ƙasa cewa masu buƙata ta musamman ma sun ba da gudummawarsu. Na buɗa shi da yatsu na kalli fuskata. Hijabin ya zauna daidai. Ban ji komai ba.

An sa murfin makon jiya. Ban sani ba ko maganata ce ta isa, ko dama za a sa. Na siminti ne, mai ƙarfi, daidai faɗin mashin. Malam Bala ya gwada: tayar gaba tana hawa, na baya biyu kowace tana rataye a kan rami. Ya kalli tayoyin ya ce, "Kaɗan ya rage."

Baba ya ce in ƙara haƙuri da wannan zangon ma, zai nemi mai unguwa. Umma ta ce za ta riƙa goya ni safe da rana. Amma ina jin nishinta in ta yi ruku'u, tun ranar taron nan bayanta bai koma daidai ba.

Don haka na yanke shawara. Keken zai riƙa kwana a rumfar Malam Bala. Ni kuma zan riƙa fitowa daga gida da rarrafe, in bi lungu, in ƙetare murfin, in hau. Rabona da rarrafe a waje tun ina 'yar firamare, kafin a samo mini keken. Jiya da azahar na gwada. Na sa silifa a hannuwa, na ɗaure siket da ɗankwali. Duk hirar bakin titi ta tsaya. Wani ɗan acaɓa ya duƙufa gyaran madubin da ba abin da ya same shi. Na ɗauka zan ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Zafin siminti kawai na ji a gwiwa.

Na ji an ce za a sake wani taron, kan hanyar kasuwa. Rifkatu, da kina nan na san da ke za ki faɗa da ƙarfi, to bari in faɗa a rubuce, ko akwai wadda babanta ko yayanta yake cikin masu shiryawa. A yi shi a ƙasa, ko a filin firamare ne. A zo da wanda zai yi wa Adda Asabe bayani da hannu, mai nuna taswira kuma ya riƙa kiran sunan unguwa da layi. Shinkafar ma a bar ta, ba komai.

Na yi kewarki. Ba don turin keke ba, wallahi. Na karanta littattafai da yawa a watannin nan, ba wadda zan ba labari ta ce mini saurayin nan maƙaryaci ne tun a shafin farko. Littafinki mai yagaggen bango yana wurina, na manne shi da salatif.

Allah ya tsare ki, ya ba ki sa'ar karatu, ya ba Mama lafiya, ya sa ku samu maƙwabta na gari a inda kuke. Allah ya sake haɗa fuskokinmu da alheri. In wannan ya iso ki kafin Lahadi, ki sa ni a addu'a a coci. Litinin zan koma makaranta, kuma da safe bakin titin ya fi cika.

Ƙawarki har kullum,
Nafisa
Kagarawal, Gombe