Man Zaitun a Gwiwar Inna

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara. Yau kwana tara ke nan ban iya haɗa ido da mahaifiyata ba, kuma gida ɗaya muke kwana muke tashi.

Ni ma'aikaciya ce a wani kamfanin inshora, ina da aure da 'ya'ya biyu. Inna tana wurina tun rasuwar babanmu. Ranar Larabar makon jiya na kai ta asibiti saboda ciwon gwiwa, muka fito wajen ƙarfe ɗaya, sai na ce bari yau dai in faranta mata. Akwai wani otal kusa da ofishinmu, gidan abincinsa irin na ƙasashen bakin Bahar Rum ne, farin bango, shuɗɗan tagogi, kowane tebur da farin ƙyalle da cokula har kala uku. Can manyan ofishinmu suke cin abincin rana. Ba zan ɓoye miki ba, har da son in nuna mata inda 'yarta ta kai.

Kafin gasasshen kifinmu ya iso, ma'aikacin wurin ya ajiye mana burodi mai ɗumi da ɗan faranti na man zaitun, wanda ake dangwala burodin a ciki. Inna ta tambaye ni mene ne, na gaya mata. Sai fuskarta ta washe. Ita a saninta man zaitun magani ne, a 'yar kwalba ake sayensa ana lallaɓawa. Ta ɗauka na gaya musu ciwonta ne suka kawo mata. Ta yi bisimilla, ta tsoma yatsu, ta sunkuya ta ɗan ɗage zani tana shafawa a gwiwa, tana ta sa wa masu otal albarka.

Daidai nan shugabar sashenmu ta shigo da baƙi biyu. Ta hango ni ta ƙaraso, ga Inna a sunkuye, hannu duk maiƙo. Wallahi Anti ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Da Turanci na ce mai rainon 'ya'yana ce, na kawo ta ganin likita. Shugabar har yaba mini ta yi, wai ina da kirki.

Na manta shekara ashirin da biyu Inna ta yi tana shara da goge-goge a makaranta. Ba ta iya mayar da Turanci, amma tana ji sarai. Da tsintsiyar nan ta biya mini kuɗin karatu, kuma a can gwiwar ta lalace.

Inna ta ɗago. Ta goge hannunta da bakin mayafinta, ba ta taɓa farin ƙyallen ba. Kifi ya zo, ta yi loma biyu ta ce ta ƙoshi. Da muka fito sai ta buɗe ƙofar bayan mota ta zauna, alhali a gaba ta zo, kusa da ni.

Tun ranar "ranki ya daɗe" take ce mini. Ita ke riga ni gaisuwa da safe. Ko talabijin za ta kunna sai ta nemi izini. Ba ta gaya wa kowa ba, maigidana ma cewa yake wai Inna ta koyi zolaya. Na saya mata atamfa, ta yi godiya ta ajiye ko ledar ba ta kwance ba. Shekaranjiya ta kira ƙanina ta ce ya zo ya ɗauke ta ƙarshen wata. Kunya ta ishe ni, na tsani kaina. In yi kamar ban san ta ji ba? Ko in sake kai ta otal ɗin in gabatar da ita yadda ya kamata?

Wadda ta kasa ɗaga kai

*

'Yar'uwa, kin yi laifi kuma kin sani, don haka ba zan ƙara miki zafi ba. Ke kika riƙe mahaifiyarki, ke kike kai ta asibiti, kuma da niyyar alheri kika shiga wurin. Tsoron raini a wurin aiki ya sa mutane da yawa sun yi suɓutar baki.

Amma Inna ba ta yi abin kunya ba. An ajiye mata mai, ta sa shi inda yake mata ciwo. Da kin yi murmushi kin ce mahaifiyarki ce, da tuni an manta.

Kada ki yi kamar ba ki sani ba. "Ranki ya daɗe" ɗin nan hanyarta ce ta gaya miki ta ji, tana jira ta ga ko za ki amsa. Atamfa kuwa, ai abin da ake ba mai raino ke nan idan an ɓata mata rai. Kuma kada ki mayar da ita otal, ba ita za ta sake shan wahala don ki wanke kanki ba.

Gobe ki fara shiga ofishin shugabarki, ki gaya mata dattijuwar nan mahaifiyarki ce, ke kika faɗi ba daidai ba. Minti ɗaya zai ɗauka. Sannan ki sayi man zaitun, babbar kwalba. Ki shiga ɗakin Inna ki zauna a ƙasa. Kada ki ce "idan na yi miki laifi". Ki maimaita mata kalmar da kika faɗa, da Hausa, ki gaya mata kin je kin gyara, ki nemi gafara. Idan ta miƙo ƙafar, ki shafa mata da hannunki.

Idan duk da haka ta ce za ta gidan ƙaninki, kada ki tare ta da kuka. Ki kai ta da kanki, ki buɗe mata ƙofar gaba, ki riƙa zuwa da kwalbarki.

Allah ya sanyaya zuciyarta. Ranar da ta sake yi miki faɗa a kan gishiri ya yi yawa a miya, ki gode wa Allah, kin koma 'yarta.

Anti