Sandar Gogen Baba

Waco, Texas
Oktoba, 1937

Zuwa ga Yaya Doyle,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Leota da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa wa aikin gonar inabin California albarka. Mu nan lafiya lau, audugar bana ce dai ba yabo ba fallasa.

Yaya, na yi abin da ya hana ni sukuni. Ka san tun ba a haife mu ba Baba yake jan goge a gidajen rawa, kuma shi ya haɗa makaɗan da kamfanin fulawa ke sakawa a rediyo da tsakar rana. To, hannunsa ya soma karkarwa. Hoyt, shugaban makaɗan na yanzu, ya ɗauko wani saurayi a madadin Baba, ya ce tunda ni ce mai fiyano kuma 'yarsa, ni zan gaya masa. Sai na ce wa Baba kamfanin ya soke shirin, na ɓoye rediyonmu wai ya lalace, kullum ina fita da sunan na samu aikin wanki a otal.

Ranar Asabar Baba ya je aski, ashe rediyon shagon a kunne yake. Mai askin ya ce min Baba ya zauna da kumfa a fuska har shirin ya ƙare, ana ta tsokanarsa wai tsoho an ajiye ka.

Da na dawo gida sai ya yi min sannu da wanki. Ya ce yau ya ji wasu makaɗa, mai gogen yana gudu kamar an biyo shi, amma yarinyar da ke fiyano ta iya, wanda ya koya mata bai yi asara ba. Sannan ya miƙo min sandar jan gogensa, ya ce in hanyar otal ta bi da ni ta wajensu, in ba yaron.

Da zagina ya yi, da ya fi min sauƙi. Sandar tana nan ƙarƙashin gadona. Na kasa kai wa yaron, na kasa mayar wa Baba, kunya ta hana ni haɗa ido da shi.

Ka gaishe min da Anti Leota da Orval da 'yar auta Wilma. Baba ma yana gaishe ku. Ya ce lallai in gaya maka ƙanwarka ta ƙware a wanki.

Ƙanwarka,
Nadine